Tabarmar Rufi Ba Ta Son Wuƙa

Asiya, ƙanwar maigidana, ita ta ja ni ga wannan magana. Ta same ni a gindin darbejiya ina saƙa, ta tsaya da waya a hannu, ƙawayenta na bayanta, ta ce, "Yaya Hawwa, ku kam kun huta. Aikinku zama ne a inuwa ana hira." Na miƙa mata kaba na ce ta zauna ta huta tare da ni. Ba ta kai tsawon tafin hannu ba kaba ta yanke ta a yatsa, ta tashi tana tsotsa tana cewa ai dama wucewa za ta yi. To, ku 'yan matan yanzu da kuke ganin saƙar birish wasa ce, ku matso in gaya muku.

Birish ita ce tabarmar kaba, haka muke ce mata a nan ƙauyukan bakin Bahar, babban koginmu, tsakanin Sinnar da Suki. Akwai ta zama, akwai ta salla, akwai ta rufin ɗaki. Ni ta rufi nake yi. In magini ya kai bango inda yake so, sai a gicciya babban itace da ake ce wa mirig, a jera ƙananan itace a kansa, a shimfiɗa gora, sannan a kawo tabarmarmu a rufe. Kanta ake zuba ciyawa, a zuba laka, a yaɓe da zibala, wato kashin dabbobi da aka jiƙa ya ruɓa. Duk nauyin ƙasar nan tabarma ke hana shi zubo wa mai barci a ido. In kun kwanta rigingine a tsohon ɗaki kun ga saƙa a sama tsakanin gora da gora, to hannun wata mace ne irina.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ba: ƙaramar wuƙa ta tsaga kaba, basilla ta ɗinki, tasar ruwa, da dutse mai santsi na danne baki. Kaba daga kudu take zuwa a lori, dami-dami. Za ki tsaga ta, ki jiƙa. A jiƙon nan ake gane mai hannu. In ta sha ruwa da yawa, saƙar za ta yi miki kyau a ranar, sai ta bushe ki ga ta buɗe haƙora. In ba ta sha ba, ta karye a yatsa. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Dogon layi ake yi mai faɗin tafin hannu, sunansa dafira, ana naɗe shi a gefe kamar gammo. Sai ya yi yawa a ɗinke layi da layi da basilla har a sami faɗin da ake so, a naɗe baki a kashe.

Ga abin da nake so ku riƙe, don duk labarin a kansa yake: tabarma ana ƙara mata, amma ba a rage ta. In ta gaza, ki ɗinka wata dafira a gefe, shi ke nan. In ta yi yawa aka sa mata wuƙa, an kashe ta. Bakin da aka yanka warwarewa yake yi a hankali a ƙarƙashin laka inda babu mai gani, gara ta sami ƙofa, ƙasa ta fara tsiyaya. Guntun da aka yanke kuma ko mafici ba ya yi.

A wurin kakata ta wajen uwa na koya, Habboba Kande. Ina ƙarama, kafin in san daman hannuna sosai, ta zaunar da ni a gefenta. Dafirata ta farko na kai mata ina murna. Ta juya ta, ta ja, ta ce, "Madalla. Kai wa kawunki ya ɗaure jaki. Shi ma jakin ki ba shi haƙuri." Gwajinta ɗaya ne: ta ɗaga saƙa ta kalli rana. In haske ya ratso, sai ta ce, "Inda rana ta bi, ƙasa na bi." Sai warwarewa. Na yi kuka a kan kaba ya fi a ƙirga, amma ranar da ta ɗaga tawa ta juya ta ko'ina haske bai ratso ba, ta jefa ta cikin nata tarin, ranar na san na zama ma'aikaciya.

Aikin farko da na ga ɓarna da idona, na wani ɗan garinmu ne da ya dawo daga Saudiyya yana son babban ɗakin baƙi. Maginin garinmu Usta Abbakar ne, dogon mutum mai dogon taku, taubashin Habboba. Yadda ake yi a lokacin, mai gida zai tsaya a fili ya nuna da hannu, daga nan zuwa can. Usta ya taka, ya ja layi da dunduniya, a kafa turaku, a haƙa. Mu masu kawo kaya, mai tubali da mai itace da maƙeri da masu tabarma, ba a neman mu sai bango ya tashi, kamar masu wanke-wanke da ake kira bayan an watse daga biki. Sai yaro ya zo da saƙo: a kawo birish, da yawa.

Aka kai da yawa. Mirig ɗin da aka sayo ya zarce bango, aka sare shi. Ƙananan itacen ba su dace da tazarar ba, aka rage kowanne. Ƙofar da aka ƙero a Sinnar ta fi ramin da aka bar mata, aka fasa tubalin da aka gina jiya. Tabarmunmu kuwa, mutum ne a sama da wuƙa, yana shimfiɗawa yana yanka yana jefo guntaye. Da aka gama, tarin da ke bayan gidan ya kusa kai taga. Matan unguwa sun daɗe suna dafa kisra, wainarmu ta dawa, da guntayen itacen, awaki suka yi sallarsu da kabarmu. Mai gida bai damu ba, Usta bai damu ba. Habboba ce kawai ta tsaya a kan tarin tana tafa hannu, ta ce, "Abbakar, kai gini kake yi ko kiwon awaki?" Ya ce, "Kande, ba domin ni ba da wa zai sayi tsummokaranki har kashi biyu?" Aka yi dariya aka watse. Kowa ya ɗauka haka gini yake. Ni ma haka na ɗauka.

Sai shekarar wahala ta zo. An yi tashin hankali a kudu, hanya ta rufe, lori ya daina zuwa. Babu kaba, babu gora, babu dogayen itace. Abin da ke garin shi ke nan: ragowar dami a bayan ɗakin wannan, rabin dami a rumfar waccan.

Ni kuma a shekarar ina da ciki na biyu, kuma lissafin tsofaffi ya nuna tsakiyar damina zan sauka. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. Baƙar laka ce. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya yanke mu daga Suki inda asibiti yake, ko tarakta sai ta yi tunani. Haihuwata ta fari ta zo da gardama, ba don ungozoma ta iso da wuri ba, da ba ni ce ke ba ku labari ba. Ungozomar Hajja Amna ce, wadda ta yi koyo a asibiti, tana da akwatinta na ƙarfe. Amma a ƙauyen ƙetaren kwari take zaune, kwarin kuma in ya kawo ruwa ba ya ƙetaruwa. Ta gaya wa dattawan garinmu cewa in an gina mata ɗakin aiki mai rufi na kirki, za ta yi damina a wurinmu, don masu ciki sun fi yawa a nan. In babu ɗaki, tana gidanta.

Dattawa suka ce a gina da nafir, wato gayya. Aka ba Usta Abbakar aikin. Labari ya zo mana cewa ranar Asabar za a kafa turaku, kuma babban ɗaki za a yi mai kusurwa huɗu daidai, irin na asibiti, don kada ƙauyen ƙetare su raina mu.

Ni mai tsoro ce, kowa ya sani. In ɗiyata ta fari ta yi atishawa sai na taɓa goshinta. To tsoron nan ne ya sa na bi gida gida da cikina, ina gaisuwa ina leƙen bayan ɗaki. Na dawo na ce wa Habboba, wadda a lokacin ido ya fara yi mata nisa amma baki na nan daram, "Kabar garin ga duka, in an haɗa, za ta rufe ɗaki ɗaya matsakaici, in ba a yar da ko tsinke ba. In mai wuƙa ya hau sama irin na wancan karon, rabin ɗakin sararin Allah zai zama rufinsa."

Ta ce, "To je ki gaya wa Abbakar."

Na ce, "Ni? A tsakiyar maza, wurin kafa turaku?"

Ta ci gaba da murza kaba. Can ta ce, "Soya bunni."

Bunni shi ne 'ya'yan gahawa. A ƙasar nan in an ɗora jabana, ɗan tulun yumɓun da ake dafa gahawa a ciki, aka miƙa wa namiji finjali, ba ya tashi sai an zagaya sau uku, in ba haka ba ya ci mutuncin mai ita. Habboba ta san wannan, ta kuma san taubashinta. Ta aika wa Malam Isa mai itace, da Adamu mai gasa tubali a bakin Bahar, da Jibrin maƙeri, cewa akwai jabanar sadaka a filin ɗakin ungozoma da hantsin Asabar. Ta aika aka ɗauko Hajja Amna a keken jaki.

Usta ya iso da igiya da turaku a kafaɗa, ya tarar da tabarma a shimfiɗe a tsakiyar filinsa, garwashi na ci, turare na tashi, ni ina daka citta.

Ya ce, "Kande, mi anka yi? Wa ya mutu?"

Ta ce, "Hankalinka, tun bara waccan. Yau munka samu sukunin yi mai sadaka. Zauna."

Ya zauna, don ƙamshi ya riga ya kama shi. A zagayen farko babu maganar aiki, sai gaisuwa da labarin farashin dawa. A na biyu Habboba ta ce, kamar ba da gangan ba, "Abbakar, nuna muna ɗakin ga naka." Ya tashi da finjali a hannu ya taka, daga nan zuwa can, ya juya ya taka faɗi.

Malam Isa ya ajiye finjalinsa. Ya ce, "Usta, wane mirig za ka aza a kan wannan faɗin?"

"Naka mana."

"Ba ni da shi. Wallahi ko na kwatance. Abin da ke zaribata, inda nake tara itace, bagaruwa ce ta bakin Bahar, gajeru, masu ƙarfi kamar ƙarfe, amma ba su kai inda ka taka ba. Ka rage taku ɗaya da rabi, su hau bango da kansu, ba zarto ba gatari."

Usta ya ce to sai a kafa ginshiƙi a tsakiya a haɗa biyu biyu. Hajja Amna ta ce, "A tsakiyar ɗakin haihuwa? Ya Usta, ni zagaya gado nake yi, wani lokaci da gudu. Kana so in bar mai naƙuda in yi ɗawafi da ginshiƙi?" Ta ƙara da cewa tunda an tambaye ta, ko da yake ba a tambaye ta ba, ƙofa ta zama mai faɗi, don macen da abin ya tsananta a kan gado ake kawo ta, maza na riƙe da ƙafafunsa, ba a karkata ta a bakin ƙofa kamar buhu. Taga kuma a ɗaga ta sama, iska ta shiga ido kada ya shiga.

Jibrin maƙeri ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce yana da ƙofa mai ganye biyu da wani ya sa ya ƙera don kanti, kantin bai tashi ba, tana jingine a makerarsa kaji na kwana a bayanta. "In za a bar mata rami daidai jikinta, ku ɗauka. Amma ku auna ta tukuna, kada ku gina sannan ku zo ku ce in rage ƙarfe."

Adamu mai tubali ya ce shi gashi ɗaya ya rage masa kafin Bahar ya hau ya cinye wurin aikinsa. In ya san tsawon bango yanzu, zai san abin da zai buga, kuma a sa tsawon ya ƙare a kan cikakken tubali, kada a riƙa fasawa a kowace kusurwa. Akwai kuma tarin fasassu a wurinsa da babu mai so, su isa harsashi.

Usta yana ta juya kai, wannan ya faɗa ya kalle shi, wancan ya faɗa ya kalle shi. Ya ce, "To ni mi ya rage mani? Ku gina mana."

Habboba ta ce, "Saura mai tabarma. Hawwa, ɗiyata, buɗe baki. Ba ya cizo, haƙoran sun zube."

Na ce, "Baba Usta, kabar ba ta da yawa. In na san faɗin ɗakin tun yau, za mu saƙa kowace tabarma daga bango zuwa bango, bakinta a kashe, mahaɗinta ya faɗa a kan itace. Ba sai an hau da wuƙa ba."

Ya ce, "Kamu nawa?"

Nan aka sami wata matsalar. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa. Habboba ta auna da nata, Usta ya auna da nasa, aka ga bambanci ya kai a shimfiɗa jariri. Ta ce hannunsa na ɓarawon mangwaro ne, ya ce nata na 'yar tsana ne. Jibrin ya ce shi da mita yake aiki, Adamu ya ce shi tubalinsa ne ma'auninsa. Ashe duk shekarun nan kowa da awonsa yake kawo kaya. Malam Isa ne ya tashi ya je zaribarsa ya jawo mafi gajarta a cikin itacen, aka kwantar da shi a ƙasa. Usta ya cire abin da zai hau bango ta kowane gefe, abin da ya rage shi ne faɗin ɗaki. Aka yanko karan dawa dogaye, aka ɗaure su aka daidaita da wannan faɗin, kowa aka ba shi nasa ya tafi da shi. Tsawon ɗakin kuma aka bar wa kaba ta faɗa: na shimfiɗa tabarmar da muke zaune a kai, na nuna iya adadin irinta da nake ganin za mu iya fitarwa, Habboba ta rage ɗaya don tsaro, Adamu ya jera tubali a ƙasa har ya ƙare a cikakke. Sannan Usta ya ja layinsa da toka daga murhun jabanar.

Da ya ja baya ya kalli zanen sai ya riƙe baki. Ɗaki ne siriri dogo. Ya ce, "Wannan ai taragon jirgin Sinnar ne. Sunana zai ɓaci." Dattawan gari ma da suka zo da la'asar ba su ji daɗi ba, ɗaya ya ce mutanen ƙetare za su yi mana waƙa. Usta, wanda da safe shi ne mai gardama, shi ya tare su. Ya ce, "Ku kawo mani mirig da kaba in gina muku fadar sarki. In babu, tarago za mu hau." Ban taɓa jin daɗin maganar mutum irin ta ranar ba.

Daga nan sai tsere da sama. Muka tattara kabar gari a gidan Habboba. Mata suka riƙa zuwa bayan sun sauke tukunya, kowa da basillarta. Karan awo na rataye a rumfa, duk tabarmar da aka gama sai an kwantar da ita a jikinsa kafin a kashe baki. Habboba ba ta gani sosai, sai ta riƙa bi da tafin hannu, in ta ji rami ta ce, "Wace mai gaggawar ce wannan? Mijinki bai gudu." Ni cikina ya hana ni sunkuyawa, na koma jingina da bango ina ɗora saƙa a kansa, mata suna cewa yaron tun bai fito ba an sa shi aikin tebur. Ko tsinken da ke faɗuwa wurin tsaga ba mu zubar ba, da shi muka murza igiyar ɗinki.

Kullum da safe sai na fita na kalli gabas da kudu. Kullum in aiki mai ɗebo ruwa ya gaya mini launin Bahar, don in ya fara ja, an yi ruwa a tudu, namu na hanya. Maigidana ya ce in na ci gaba da kallon sama haka wuyana zai ƙage. Adamu ya fitar da tubalinsa ruwa na lasar gindin wurin gashin. Bango ya tashi, ƙofar Jibrin ta shiga raminta kamar an haife ta a ciki, itacen Malam Isa suka hau ba a taɓa ko ɗaya da gatari ba.

Ranar rufi gari duka ya fito. Hadari ya haɗu tun hantsi, iska mai sanyi na kaɗawa. Ana miƙa tabarma sama, Usta na karɓa yana shimfiɗawa, kowace ta faɗa daga bango zuwa bango. Yana yi yana cewa, "Tamam. Tamam." Har ya zaro wuƙarsa daga ƙugu ya jefo wa Habboba, ya ce ta riƙe masa, yau ba ta da aiki. Ta ƙarshe ta hau, ta rufe. Mata suka fara guɗa.

Sai ga wani tsoho ya iso da indararo biyu na gwangwani a hammata, mai gyaran bokiti na bakin kasuwa. Shi kaɗai muka manta ba mu kira wurin jabana ba. Ya leƙa sama ya ce, "Ina harshen?" Ashe inda za a dasa indararo, sai tabarma ta zarce ta kwanta a cikin bakinsa, in ba haka ba ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya ci bango. Da can ba a taɓa rasa abin sakawa ba, don guntaye na zube ko'ina. Mu kuwa mun yi aiki tsaf har ba mu bar guntu ba. Kaba ta ƙare ƙaf, har wadda Habboba ta rage don tsaro ta shige cikin aikin. Ga laka an kwaɓa, ga hadari ya sauko, ga maza a sama suna jira.

Na zauna a kan tubali. Wani ya ce a yanko daga tabarmar masallaci, wani ya ce a cusa buhu. Habboba ta ce, "Ba a sa wuƙa, ba a sa buhu. Hawwa, je ɗakina, ƙarƙashin gado, can ƙurya."

Na je na jawo. Dafira ce a naɗe cikin tsohon zane, fara sol, saƙa mai laushi irin wadda ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Na gane ta. Tsofaffinmu kan tanadi tabarmar da za a shimfiɗa a kan gadon da za a kai su makwanci. Tata ce take saƙawa a ɓoye, ba ta kai ga ɗinkewa ba.

Na kawo na tsaya. Na ce, "Habboba, wannan ai..."

Ta ce, "Na sani, ni na saƙa ta. Bana ban shirya tafiya ba, sai na ga abin da ke cikin tulun ga naki. Ɗinka."

Usta daga sama ya ce, "Kande, ke da ko Mala'ika sai ya yi shawara kafin ya tunkare ki."

Ta ce, "Kai dai riƙe bango, kada ka riga ni."

Na zauna a gindin tsani na ɗinka harsuna biyu, na kashe bakinsu, aka miƙa sama aka haɗa. Aka zuba ciyawa, aka zuba laka, aka bi da zibala. Ana wanke hannu yayyafi ya fara. Da aka share filin, abin da aka tara na shara a faranti ɗaya Asiya ta kwashe shi, ita da take ƙarama a lokacin, ta manta ne. Awaki suka zo suka shinshina suka koma.

Tun daga shekarar, a garinmu in mutum zai yi gini, akan tambaye shi ko an sha jabanar fili. Ba kowa ke yi ba. Masu kwano da siminti sun yawaita, wasu suna ganin zama da mai tabarma ɓata lokaci ne. Amma Usta Abbakar, har ya ajiye aiki, bai ƙara kafa turke ba sai ya tara masu kaya, kuma mai indararo yake fara aika wa. Yana gaya wa mutane dabararsa ce. Habboba ta bar masa.

Hajja Amna ta ƙetaro da akwatinta kafin kwari ya cika. Ni naƙuda ta kama ni da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar Suki ta zama kunu. Aka kai ni taragon. Ina kwance rigingine, ciwo na zuwa yana tafiya, ruwa na dukan rufi, ni kuwa idona na sama. Ina bin mahaɗi ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda zai yi duhu, inda ɗigo zai taru. Na ce, "Hajja, can kusurwar, ba jiƙewa ta yi ba?"

Ta ɗaga kai ta duba, ta dawo da shi. Ta ce, "Inuwa ce. Ke Hawwa, rufi ya gama nasa aikin. Saura naki. Yi nishi."

Na yi. Kafin a kira la'asar ya fito, namiji, da babbar murya. Ƙasan ɗakin a bushe, sai inda Hajja ta zubar da ruwan wanka.